Yadda Ake Tsara Sayen Magani Da Kula Da Sito A Asibiti, Don A Rage Cewa "Babu"

Duk wanda ya taɓa jinya a birnin Kano ya san wannan: likita ya rubuta magani biyar, ka miƙa takarda ta tagar famasi, a ce uku akwai, biyu sai ka tsallaka titi ka saya a kemis. Idan ka tambayi ma'aikata dalili, amsar ɗaya ce, wai babu kuɗi. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Tun da aka saki farashin Naira a watan Yunin 2023 magani ya yi tashin gwauron zabo, domin mafi yawan abin da muke sha daga waje ake shigo da shi, wanda ake haɗawa a gida ma sinadaransa na Indiya ne ko na Sin. A watan Agustan shekarar kamfanin magunguna na GSK ya sanar da daina kasuwanci kai tsaye a Najeriya, masu asma da ke sayen abin shaƙa sun ji a jikinsu.

Amma ka nemi izini ka leƙa siton asibitin da ake cewa babu kuɗi. Sau da yawa za ka tarar da kwalaye jibge a lungu, wa'adinsu ya ƙare ba a ko buɗe su ba. Kuɗi aka sa aka saye su. Wurin da ake rasa wani magani alhali wani yana lalacewa, rashin lissafi ne ya fi damunsa, kuma wannan ana gyara shi da biro da kati kafin a kai ga maganar kwamfuta. Na rubuta wannan ne don shugaban ƙaramin asibiti, da incaj na asibitin sha-ka-tafi, da mai asibitin kuɗi, da sitokifan da aka damƙa wa makulli ba tare da an koya masa komai ba.

Mataki na farko: a rufe sito, a ƙirga komai

Zaɓi ranar da aiki ya yi sauƙi. Mutum uku za su shiga: sitokifa, wani daga ofishin akanta, da wani da ba ruwansa da sito, ko nas ko ɗan kwamitin unguwa. A sauko da kowane kwali a buɗe, kada a yarda da abin da aka rubuta a bayansa. A rubuta sunan magani, ƙarfinsa, adadinsa, lambar rukunin da aka sarrafa shi a ciki, da ranar ƙarewar wa'adi. Kada a tsaya a babban sito. A bi durowar ɗakin haihuwa, da kabad ɗin tiyata, da ɗakin gwaje-gwaje, saboda ma'aikatan da suka saba da yankewar kaya sukan ɓoye nasu don gudun kunya a tsakar dare. Ba sata ba ce, amma tana ɓata lissafi.

Daga wannan rana kowane abu ya sami katinsa, a rataye a jikin kanta inda kayan suke. Abin da ya shigo, abin da ya fita, wa aka ba, me ya rage. A ƙara wani layi da yawancin katuna ba su da shi: ranar da abin ya ƙare ƙarƙaf, da ranar da ya dawo. Amfanin wannan layi zai fito a mataki na uku.

Mataki na biyu: a taƙaita jerin abin da ake saya

A zauna da likitoci, da mai harhaɗa magani, da shugabar malaman jinya, da mai ɗakin gwaji, a fitar da jeri guda na abin da asibitin zai riƙa ajiyewa. A ɗora shi a kan jerin muhimman magunguna na ƙasa, a kuma rubuta kowanne da sunansa na asali, ba sunan da kamfani ya laƙaba masa ba. Idan likita uku kowa yana da kamfanin da yake so na amoksisilin, jarinka ya rabu gida uku a kan magani ɗaya, kuma biyu daga ciki za su kwana. Wakilan kamfanoni masu yawo da jaka da kalanda ba za su ji daɗin wannan tsari ba. Ba don su aka buɗe asibitin ba.

Sai a raba jerin kashi uku. Akwai waɗanda rashinsu na awa ɗaya kan iya zama ajali: oksitosin na tsayar da zubar jini bayan haihuwa, maganiziyam salfet na jijjigar masu ciki, allurar atesunet ta maleriya mai tsanani, ruwan ƙari da kanula, insulin, adirenalin, iskar oksijin, jakar ɗibar jini. Akwai na yau da kullum da ba a so a rasa, irin su maganin hawan jini da farasitamol da safar hannu. Sai na uku, waɗanda in babu su ba wanda zai mutu, kamar yawancin magungunan ƙarin kuzari. Duk ranar da kuɗi ya gaza, daga ƙasa ake fara yankewa. Abin takaici, a wurare da dama akasin haka ake yi, saboda kashi na ukun ne ya fi saurin fita ya fi kawo riba.

A sake duban jerin ta fuskar kuɗi. Ka ninka farashin kowane abu da adadin da ake sha a shekara, ka jera daga babba zuwa ƙarami. Za ka ga 'yan abubuwa kaɗan a sama su ne ke cinye mafi yawan kuɗin. A kansu za ka tsananta ciniki, su za ka riƙa ƙirgawa duk mako.

Mataki na uku: lissafin abin da ake sha a wata

Nan ne zuciyar aikin, kuma nan aka fi yin kuskure, don haka zan ɗan daɗe.

A ce a wata uku sito ya fitar da fakiti 900 na maganin maleriya. Mai gaggawa zai raba da uku ya ce ana shan 300 a wata. To amma katin ya nuna cewa a cikin kwana 90 ɗin nan an yi kwana 30 babu maganin kwata-kwata. Ashe a wata biyu aka sha 900, wato 450 a wata. Wanda ya yi oda a kan 300 zai sake yankewa, wata mai zuwa lissafinsa ya ƙara yin ƙasa, ya sake rage oda. Haka asibiti ke koya wa kansa rashi, kowa kuma yana ganin bisa ƙa'ida yake aiki. Marasa lafiyar da aka tura kemis ba sa fitowa a littafin kowa.

Da ka sami adadin gaskiya na wata, sai ka tsayar da iyaka biyu. Ta sama ita ce mafi yawan abin da za ka ajiye, a ce na wata uku, wato 1,350. Idan a kanta akwai 200 kuma ba wata oda a hanya, abin da za ka nema shi ne 1,150. Iyakar ƙasa kuwa ita ce inda in kaya suka sauko dole a yi oda a ranar. Ana samunta ta haɗa abin da za a sha kafin sabon kaya ya iso da ɗan abin ko-ta-kwana. Idan daga rubuta oda zuwa sauke kaya mako biyu ne, za a sha 225, ka ƙara na wata guda 450, iyakarka ta zama 675. Rubuta wannan lamba da jan biro a saman katin, yadda ko sabon ma'aikaci zai gane.

Wajen auna tsawon jiran kaya kada ka fara ƙirga daga ranar da dillali ya karɓi oda. Fara daga ranar da sitokifa ya rubuta buƙata. Sau da yawa mota daga Legas ta fi fayil saurin tafiya, domin takarda na iya yin kwanaki a teburin wanda ya tafi taro Abuja. Idan jinkirin a cikin gida yake, a ba wani ikon sa hannu a madadin shugaba har zuwa wani adadin kuɗi da aka amince.

Sannan Kano tana da kalandarta. Maleriya kan tsananta daga tsakiyar damina zuwa Oktoba, don haka lissafin watan Maris ba zai yi maka amfani a Agusta ba. Duba abin da aka sha a irin watan a bara, ka ƙara kaɗan, ka yi odar maganin da tsinken gwaji tun a Yuni. Amai da gudawa ma da ruwan sama suke zuwa, sai a tanadi ruwan ƙari da haɗin gishiri da sukari da zinki. Ƙyanda da sanƙarau na bazara ne. Hunturu na tayar da tari da asma. Ana gab da azumi masu ciwon suga da gyambon ciki kan yi yawa a layi. Akwai kuma abin da kalanda ba ta faɗa: ɓarkewar mashaƙo da ta faro a ƙarshen 2022 ta yi tsanani a 2023, Kano ce ta fi kowace jiha yawan waɗanda suka kamu. Irin wannan ba a iya lissafa shi, amma ana iya ajiye lambar jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma, a kuma san tun da wuri ƙofar da za a ƙwanƙwasa.

Mataki na huɗu: a wurin wa za a saya

Asibitocin gwamnatin jiha suna da hukumar samar da magunguna da kayan asibiti, DMCSA, wadda ke saye da yawa ta rarraba. Amfanin haka a fili yake: mai sayen kwali dubu ba farashinsa ɗaya da mai sayen goma ba. Ka kai buƙatarka a kan lokaci, a rubuce. Idan wani abu babu a can, ka karɓi shaidar haka a takarda kafin ka nema a waje, don ranar da masu binciken kuɗi za su zo.

Masu asibitin kuɗi sun daɗe suna sari a Sabon Gari. A watan Fabrairun 2024, bayan hukuncin Babbar Kotun Tarayya da ke Kano, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, NAFDAC, da hukumar kula da harkar harhaɗa magunguna, PCN, sun rufe shaguna sama da 1,000 a yankin, aka umarci 'yan kasuwar su koma cibiyar sarin magani ta Dangwauro da ke hanyar Zariya. Ko a ina ka saya, nemi ganin lasisin PCN na shekarar da ake ciki, ka ajiye kwafi. In da hali ka sayi manyan kayanka kai tsaye daga kamfani ko wakilinsa da ya amince da shi. Ƙananan asibitoci huɗu ko biyar na unguwa ɗaya za su iya haɗa odar ruwan ƙari da sirinji da safar hannu su sami farashin sari, in dai an rubuta rabon kowa tun kafin a biya.

A nemi farashi a rubuce daga wuri uku aƙalla, a buɗe a gaban kwamiti. Kowa ya san dabarar da ake yi, mutum ɗaya ya kawo takardu uku da sunayen kamfani daban-daban. Duba lambar waya, da adireshi, da salon rubutun, sau da yawa ko kuskuren rubutu iri ɗaya ne. Wanda ya rubuta buƙata kada ya zama shi ne mai zaɓen dillali, mai zaɓen dillali kada ya zama mai karɓar kaya, mai karɓar kaya kada ya zama mai biya. Idan ɗan'uwan wani ɗan kwamiti yana cikin masu nema, ya faɗa ya fita daga zaman. A garin da kusan kowa surukin wani ne wannan yana da nauyi a baki, shi ya sa ake rubuta shi a matsayin doka tun kafin a san wa zai nema.

Kada mafi araha ya ruɗe ka, araha ba ta ado. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin goma na magungunan da ke yawo a ƙasashe masu tasowa jabu ne ko marar inganci. Idan farashin wani ya faɗo ƙasa da na kamfanin da ya yi maganin, tambayar da za ka yi ita ce a ina ya samo.

Ga masu sayen na'ura, kalma biyu. Kafin a biya kuɗin injin gwajin jini ko na hoto, a tambaya: wa zai gyara shi a Kano, a ina ake samun sinadaran da yake aiki da su kuma nawa ne, zai jure wutarmu mai hawa da sauka? Injin da sai an ɗauko injiniya daga Legas duk sanda ya yi tari, ƙarshensa a lulluɓe shi da zani.

Mataki na biyar: karɓar kaya

Direba kullum sauri yake, kada saurinsa ya zama naka. A fara da kayan sanyi, a duba ko sun iso da sanyinsu, a sa su a firji nan take. Sauran a gwada su da takardar oda, ba da takardar da dillali ya kawo kaɗai ba. A buɗe kwalaye a ƙirga na ciki. A duba lambar rajistar NAFDAC, a kuma tabbatar lambar rukuni da ranar ƙarewa da ke jikin kwali su ne a jikin sacet ɗin ciki. NAFDAC tana da kundin magungunan da ta yi wa rajista a intanet mai suna Greenbook, ana iya dubawa ta waya. Magungunan maleriya da wasu na kashe ƙwayoyin cuta suna zuwa da wurin kankarewa, a tura lambar ta saƙon tes a ga amsa.

Tun a takardar oda a rubuta mafi ƙarancin wa'adin da za a karɓa, a ce shekara guda, sai fa abin da aka san zai fita cikin makonni. Wannan doka ta hau kan kyauta ma. Lokacin siyasa da lokacin ayyukan jinƙai akan kawo kwalaye a ɗauki hoto, bayan an watse a ga saura wata biyu su lalace, ko kuma magani ne da ba mai rubuta shi a asibitin. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce maganin kyauta ya iso da sauran aƙalla shekara guda. Ka yi godiya, ka nuna wa mai kyautar jerin abin da kuke buƙata. Abin da bai cika sharaɗi ba a rubuta a mayar a motar da ta kawo shi, domin in ya kwana ya zama naka.

Mataki na shida: ajiya

Yawancin magunguna an rubuta a ajiye su ƙasa da maki 25 ko 30 a ma'aunin Salshiyos, mu kuwa a Afrilu zafin Kano kan haura 40. Siton da ke ƙarƙashin kwano ba silin yana dafa magani ne a hankali. A sa silin, a buɗe tagogin sama da raga, a rataye ma'aunin zafi a riƙa rubutawa. Kwali kada ya taɓa ƙasa ko bango: a ɗora a kan katako kamar santimita 10 daga ƙasa, a bar tazarar santimita 30 daga bango, saboda danshin damina da gara.

Wanda zai riga lalacewa shi ne a gaba, shi ake fara fitarwa, ko da jiya ya shigo. A rubuta ranar ƙarewa da babban alƙalami a gefen da ido ke gani.

Firjin magani tsakanin maki 2 ne zuwa 8, a duba safe da yamma har ranakun hutu. Ba a sa ruwan sha ko kunun aya a ciki. Oksitosin da ya sha zafi kamanninsa ba sa canjawa, ƙarfinsa ne ke raguwa, unguwarzoma ta yi allura jini ya ƙi tsayawa. Sanyin da ya wuce kima ma ɓarna ne: insulin da allurar rigakafin fenta in suka daskare sun tashi daga aiki. Wanda ya dogara da wutar KEDCO da janareta ya rubuta a jikin firjin inda za a kai kayan in wuta ta daɗe ba ta dawo ba, da lambar wanda za a kira. In ana da halin firji mai sola, shi ya fi kwanciyar hankali.

Magungunan da ake shaye-shaye da su, irin su tiramadol da fentazosin da dayazifam, kabad mai makulli da littafinsu daban, a ƙirga a duk canjin aiki.

Mataki na bakwai: tsare uwar kuɗi

Tsarin asusun magani mai juyawa ya samo asali ne daga shirin Bamako na 1987: a zuba jari sau ɗaya, a sayar, a sake saye da kuɗin. Abu uku ke kashe shi.

Na farko, sa farashi a kan yadda aka saya maimakon yadda za a sake saye. A ce ka sayi fakiti 100 a kan Naira 1,000 kowanne, ka sayar a 1,150. A littafi ka ci riba, hannunka da 115,000. Ka koma kasuwa ka tarar ya zama 1,400, kuɗinka fakiti 82 kawai zai saya. Juyi uku a haka, kusan rabin kayan kanta ya tafi alhali ba wanda ya ɗauki ko kwabo. A riƙa duba farashin kasuwa duk wata, a manna na asibiti a bango inda kowa zai gani.

Na biyu, ara. A ɗebi kuɗin magani a sayi man janareta ko a biya masu shara, da niyyar za a mayar. Asusun magani ya zama daban a banki, mutum biyu ke sa hannu, cinikin yau ya shiga banki gobe da safe, in da POS ya fi.

Na uku, bashi da alfarma. Wanda aka kawo daga hatsarin mota ba za a tsaya tambayarsa kuɗi ba, haka matar da ke zubar da jini. Sai dai a rubuta kowane irin wannan a littafi na musamman, a kuma san inda za a cike gurbin, ko daga wani kaso da aka ware cikin riba, ko daga zakka da gudummawar masu hali na unguwa. Na "ɗan'uwan oga ne" ma a rubuta, da sunan wanda ya ba da umarni. Da zarar an san ana rubutawa, umarnin kan ragu. Asibitin da ke karɓar masu inshorar lafiya ta jiha (KSCHMA) ko ta tarayya (NHIA) ya tura takardun neman biya a kan kari, domin maganin da aka bayar ba a karɓo kuɗinsa ba shi ma rami ne. Kai ma ka biya dillalinka a ranar da kuka yi alkawari. Wanda ake ja wa rai wata shida zai ƙara kuɗin jiran a farashi na gaba, ko ya kawo maka wanda ya kusa lalacewa.

Mataki na takwas: zaman wata-wata

Awa ɗaya ta isa. A ɗauki abubuwa 20 mafi muhimmanci a ga kwana nawa kowanne ya yi babu. A zaɓi katuna goma ba tare da sanarwa ba, a je kanta a ƙirga a ga ko sun dace. A haɗa kuɗin banki da darajar kayan sito da bashin da ake bin mutane, a cire bashin da ake bin asibiti, a gwada da na watan jiya. Idan asibitin yana cikin masu tura rahoton kaya ta manhajar gwamnati, daga waɗannan katunan za a cike shi, ba daga ka ba.

A wannan zama ne za a fito da duk abin da ya rage masa wata shida. Wanda ba za a iya shanyewa ba a nemi dillali ya canja, ko a tura wa wani asibitin da ke buƙata, da takardar miƙawa mai sa hannun ɓangare biyu. Zauren WhatsApp na masu kula da sito a ƙaramar hukuma ɗaya yana saurin samar wa irin wannan kaya mai so. Wanda ya riga ya lalace a cire shi daga kanta a ranar, a rubuta, a kulle a wani wuri dabam da alama a jiki. Ba a zuba shi a bola ko a kwata, ba a kuma ba wa mai shara ya ƙone a bayan katanga, saboda akwai masu tsintowa su goge kwanan wata su mayar kasuwa. A rubuta wa ofishin NAFDAC na Kano, ko a bi ta hukumar da ke kula da asibitin, a lalata shi a gaban jami'ai, a karɓi takardar shaida a sa a fayil.